Auna sauƙin manhajar kwamfuta a wurin aiki: tambayoyi da amsoshi

Da wuya yanzu ka shiga asibiti, banki, makaranta ko sakatariyar gwamnati ba ka tarar da wani zaune gaban kwamfuta yana fama da fom ba. Ana zuba maƙudan kuɗi a sayo manhaja, a yi bikin ƙaddamarwa da jawabai, amma ba kasafai ake komawa a duba ko waɗanda aka ɗora wa aikin suna iya tafiyar da ita ba. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda shugabannin sashe, jami'an sayayya da masu kula da kwamfutocin ma'aikatu suka fi yi ne.

Sauƙi ai ra'ayi ne. Abin da ya yi wa wani sauƙi yana iya ba wani wuya. Ta yaya za a auna shi?

Ana aunawa. Ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 9241-11 a 1998, ta sabunta ta a 2018, kuma ta kasa maganar gida uku. Shin ma'aikaci ya kammala aikin da ya sa gaba, kuma ya yi shi daidai? Me aikin ya ci masa na lokaci da wahala kafin ya kammala? Ya tashi da gamsuwa ko da ɓacin rai? Biyun farko da agogo da ƙirga ake gane su. Na ukun ne kaɗai sai an tambayi mutum.

Ƙa'idar ta gindaya wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa: dole a faɗi wane ne mai amfanin, wane aiki yake yi, kuma a wane irin wuri. Saboda haka duk wanda ya ce maka manhajarsa tana da sauƙi, bai gama magana ba. Ga wa? Akantan da ya shekara goma yana shirya albashi a ofis mai sanyi daban, ma'aikaciyar jinya da ke tsaye a ɗakin haihuwa da safar hannu da ƙarfe uku na dare daban. Manhaja guda tana iya yi wa na farko daidai ta zame wa ta biyu alaƙaƙai.

Me ya raba manhajar wurin aiki da wadda mutum yake saukewa a wayarsa?

Zaɓi. Idan manhajar waya ta ba ka haushi, sai ka goge ta ka nemi wata, kuma masu ita za su gani a lissafinsu cewa mutane na gudu. Ma'aikaci ba shi da wannan dama. An ce da ita za a yi aiki, da ita zai yi, ko tana masa daɗi ko ba ta yi. Don haka yawan masu amfani da manhajar ofis ba shaida ba ce ta komai.

Na biyu, wanda ya saya ba shi ne mai amfani ba. Darakta da kwamitin sayayya rahoto suke so ya fito tsaf a ƙarshen wata, akawu kuwa shi ne zai cike gurabe 30 kafin rahoton ya samu. Wani masani mai suna Jonathan Grudin ya yi bayani tun 1988 cewa wannan na daga cikin manyan dalilan da ke kashe manhajojin aikin haɗin gwiwa: wahalar tana kan wani, amfanin yana zuwa ga wani.

Da yake ma'aikaci ba zai iya guduwa ba, kokensa yakan ɓuya a cikin dabaru. Za ka ga littafi mai bangon kwali a gefen kwamfuta ana rubuta komai da biro, sai la'asar a zauna a kwafe. Za ka ga wani fayil na Excel da kowa a sashen ya fi yarda da shi fiye da manhajar da aka biya miliyoyi, ko a ɗauki hoton takarda a tura wa abokin aiki ta WhatsApp domin hanyar da aka tsara ta cika tsawo. Kowace dabara irin wannan tana nuna maka daidai inda manhajar ta gaza.

Kamfanin da zai sayar mana ya zo ya nuna yadda take aiki, kowa ya yaba. Hakan bai isa ba?

Bai isa ba ko kaɗan. Mai nunin ya maimaita hanyar nan har ya haddace, da bayanai masu tsabta da ya shirya da kansa, kuma ya san lungunan da ba zai leƙa ba. Abin da kuka gani gwanintarsa ce. A karɓi linzamin daga hannunsa a miƙa wa kashiyar da za ta yi aikin, a ba ta rasitan jiya na gaske, a roƙe shi ya yi shiru na minti 20.

To daga ina ake farawa?

Daga kujera. Ka ɗauki kujera ka zauna kusa da mai aikin, a lokacin da aiki ya fi zafi, ka kalla. Ba a ɗakin taro ba, kuma ba ranar Juma'a da yamma da layi ya watse ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai sau da yawa ya saba da yoyon har ya daina ambatarsa, shi ya sa kallo ya fi tambaya.

Ɗauki teburin buɗe kati a asibiti da safiyar Litinin a matsayin misali. Mara lafiya yana tsaye, akawu ya fara shigar da suna. An kira shi daga taga ta biyu, ya juya ya amsa, ya dawo ya tarar manhaja ta fitar da shi domin ya yi minti biyu bai taɓa ta ba. Ya sake sa kalmar sirri, wadda take rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a gefen allo. Fom ya dawo fanko. Ya sake tambayar suna, mara lafiya ya fara tsaki. An zo gurbin ranar haihuwa, dattijon ya ce shi dai a shekarar da aka yi fari aka haife shi, manhaja kuwa ta ƙi wucewa sai an sa rana da wata, akawu ya danna 1 ga Janairu kamar yadda ya yi wa mutum goma kafin shi. A cikin minti biyar ka ga matsaloli huɗu, kuma da a ofishin shugabansa ka tambaye shi, cewa zai yi komai lafiya, sai dai netwok.

Ka rubuta abin da ka gani, ba abin da kake zato ba. Ka lura da katsewa, domin aikin ofis ba ya tafiya a miƙe: waya na ƙara, oga na kira, wani na neman sa hannu. Manhajar da ba ta iya jiran mutum ya dawo ba a yi ta don ofis ba.

Yaya ake gudanar da gwaji na sosai?

Da farko a zaɓi ayyuka kamar biyar zuwa takwas, waɗanda aka fi yi kullum da waɗanda kuskure a cikinsu ya fi tsada. A rubuta kowanne da harshen aiki, ba da harshen manhaja ba. Kada a ce “shiga sashen gyara ka sauya lambar asusu”, domin an riga an ba da amsa. A ce: “Wani ma'aikaci ya kawo takarda cewa ya sauya banki. Ga takardar. Ki yi abin da ya kamata don albashinsa na wannan wata ya shiga sabon asusun.”

Mutum ɗaya ake gwadawa a lokaci guda. Mai gudanarwa ya zauna gefe, wani kuma ya riƙa rubutu. Abin da za a fara faɗa shi ne mafi muhimmanci, kuma a faɗe shi da gaske: “Hajiya, ba ke muke jarrabawa ba, manhajar muke jarrabawa. Duk inda kika maƙale, laifinta ne, kuma abin da muka zo nema ke nan.” Sannan a roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta da baki yayin da take aiki: me take nema, me take zaton madannin nan zai yi, me ya sa ta koma baya. Wannan dabara ta yin tunani a bayyane daga masana halayyar ɗan Adam aka aro ta, kuma Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana yadda za a yi amfani da ita wajen gwada manhaja a 1982.

Wahalar tana kan mai gudanarwa. Zai ga baiwar Allah tana ta zagaye alhali madannin da take nema yana gaban idonta, bakinsa ya yi ta ƙaiƙayi. Dole ya daure. Idan ta ce, “Malam, nan zan danna?” sai ya mayar mata: “Ke me kike gani zai faru in kin danna?” Da zarar ya nuna mata, gwajin wannan aikin ya lalace, domin ranar aiki ba zai kasance a gefenta ba. Idan ta yi shiru, “me kike dubawa yanzu?” ya wadatar. Awa ɗaya ta isa kowane mutum. Bayan haka gajiya kake aunawa.

Shugaban sashe kada ya shiga ɗakin. Wanda ya rubuta manhajar yana iya kallo, har ma an fi son ya kalla, amma da sharaɗin ba zai ce uffan ba.

Mutum nawa ake buƙata? Na ji ana cewa biyar sun isa.

Maganar tana da asali. Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun wallafa wani lissafi a 1993 da ya nuna cewa mutum guda da aka ba manhaja ya gwada yakan ci karo da kusan kashi 31 cikin 100 na matsalolin da ke akwai. Idan aka bi lissafin, mutum biyar za su tono kusan kashi 85. Nielsen ya yaɗa wannan a shekarar 2000, kuma shawararsa ita ce maimakon a tara mutum 15 a zama ɗaya, a gwada biyar, a gyara, a sake gwada wasu biyar, a sake gyarawa.

Sai dai a yi hattara. Laura Faulkner ta gwada mutum 60 a wani bincike da ta wallafa a 2003, ta riƙa ɗebo biyar-biyar daga cikinsu. Wani rukunin ya gano kashi 99 na matsalolin, wani kuwa kashi 55 kacal. Da ta ɗebo 20-20, mafi ƙaranci ya kai kashi 95. Kuma biyar ɗin na kowane rukunin ma'aikata ne. A asibiti, likita da mai ba da magani da kashiya ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da manhaja ɗaya suke buɗewa. A haɗa da sabon ɗauka da tsohon hannu, da wanda ya taso da waya a hannu da wanda ya koyi kwamfuta da furfura.

Wannan duk idan neman matsaloli ake yi. Idan kuwa alƙaluma ake so, a ce manhaja kaza ta fi kaza sauri, biyar ba za su yi ba, sai 20 zuwa sama.

Me za mu ƙirga?

Mutum nawa suka kammala kowane aiki ba tare da taimako ba, minti nawa ya ci, kuskure nawa aka yi, da sau nawa aka nemi agaji. A ware wani nau'in kuskure a ja masa layi: wanda mutum ya yi, ya tashi yana ganin ya yi daidai. Shi ne mai kai kuɗi asusun da ba nasa ba.

A auna jiran da manhaja ke sa mutum. Masana sun daɗe da sanin iyakoki uku: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ana jinsa kamar nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse tunani, amma in an haura daƙiƙa 10 hankali ya tafi wani wuri. Kada a raina daƙiƙoƙi. A ƙaddara ma'aikata 40 ne, kowanne yana shigar da bayanai 100 a rana, kuma kowane bayani yana cin ƙarin daƙiƙa 15 saboda wani shafi marar amfani. Daƙiƙa 60,000 ke nan, wato awa 16 da minti 40 kowace rana, aikin mutum biyu cur.

Sabuwar manhaja ta rage yawan danne-danne. Ba shi ke nan ta fi sauri ba?

Ba lallai ba, kuma akwai sanannen misali. Wajen ƙarshen shekarun 1980, kamfanin tarho na NYNEX a Amurka ya yi niyyar sauya na'urorin ma'aikatansa masu haɗa kira. A lissafin kamfanin, rage daƙiƙa ɗaya a kowane kira na nufin tsimin dala miliyan 3 a shekara. Sabuwar na'urar tana da allo mai kyau, kuma ta rage yawan madannan da ake taɓawa, don haka kowa ya ɗauka za ta fi sauri. Da aka gwada ta a bakin aiki na wasu watanni, sai ta fito ta fi tsohuwar jinkiri da kusan kashi 4 cikin 100.

Wayne Gray da Bonnie John da Michael Atwood ne suka warware dalilin. Danne-dannen da aka cire, dama ma'aikaci yana yin su ne a lokacin da mai kira ke magana, saboda haka ba sa cin komai. Wanda aka ƙara kuwa ya faɗo ne a wurin da komai ke tsaye yana jiran yatsan ma'aikaci. Ƙirga madannai a takarda ba zai taɓa nuna wannan ba.

Akwai takardar tambayoyi da za mu raba wa ma'aikata?

Akwai, kuma kyauta ce. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta SUS, wato ma'aunin sauƙin amfani da manhaja. John Brooke ne ya tsara ta a 1986 yana aiki da kamfanin Digital Equipment a Ingila, aka wallafa ta a 1996. Jumloli 10 ne, mutum ya zaɓi daga 1, wato sam bai yarda ba, zuwa 5, ya yarda ɗari bisa ɗari. An jera su ɗaya yabo ɗaya suka, don kada mutum ya bi layi yana dangwala amsa guda.

Ga lissafin. A jumloli na 1, 3, 5, 7 da 9, a cire 1 daga amsar. A na 2, 4, 6, 8 da 10, a cire amsar daga 5. A tara duka a ninka da 2.5. Wanda ya ba jumlolin yabo 4, 4, 5, 3, 4 ya samar da 15. In ya ba na suka 2, 1, 2, 3, 2, wani 15 ke nan. Jimla 30, maki 75. Wannan ba kashi cikin ɗari ba ne, kada a karanta shi kamar sakamakon jarrabawa. Matsakaicin maki, bisa ɗaruruwan gwaje-gwajen da Jeff Sauro ya tattara, 68 ne, saboda haka manhajar da ta ci 60 tana ƙasa da tsaka-tsaki. Da aka ba likitocin Amurka wannan takarda kan manhajojin bayanan marasa lafiya, a wani bincike da aka wallafa a mujallar asibitin Mayo, makin da ya fito bai kai 46 ba. Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa ba ce kaɗai.

Amfanin SUS shi ne kwatance: kafin gyara da bayan gyara, ko manhaja biyu da ake son zaɓar ɗaya. Tana gaya maka akwai ciwo, ba ta nuna inda yake. A wuraren da aiki ke da matsi, kamar ɗakin tiyata ko ɗakin kula da na'urorin masana'anta, ana ƙarawa da ma'aunin NASA-TLX na 1988, na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ke tambayar nauyin tunani, gaggawa, ƙoƙari da takaici.

Mun tambayi ma'aikatanmu, duk sun ce ba matsala. Mu yarda?

A'a. Ƙaramin ma'aikaci ba zai dubi wanda ya sa hannu a kwangila ya ce masa ya sayo wahala ba. “Ranka ya daɗe, ai tana da kyau, a hankali za mu saba” ladabi ne, ba rahoto ba. Wani kuma tsoro yake ji kada a ce shi ne bai iya kwamfuta ba, a mayar da shi wani sashe. A bar mutane su cike takarda ba tare da suna ba, wani daga waje ya karɓa. A kuma sauya tambayar. Maimakon “tana da sauƙi?” a ce “nuna mini abin da ya fi cin lokacinka jiya”. Inda baki da hannu suka saɓa, a bi hannu.

Idan ba mu samu ma'aikatan da za a gwada ba, masani zai iya dubawa shi kaɗai?

Zai iya rage hanya. Nielsen da Rolf Molich sun fito da wannan hanya a 1990, kuma jerin ƙa'idoji 10 da Nielsen ya tace a 1994 har yau da shi ake aiki. Mai dubawa yana bin shafi-shafi yana tambaya: manhajar tana sanar da mutum halin da ake ciki, ko sai ya yi ta danna “aika” sau uku domin bai san ta tafi ba? Da kalmomin ma'aikata take magana ko da na injiniyoyi? Akwai hanyar janye kuskure? Madannin adanawa yana wuri ɗaya a kowane shafi? Tana tilasta wa mutum haddace lamba daga wani shafi zuwa wani? Tsohon hannu yana da gajeriyar hanya? In an yi kuskure, tana faɗin abin da za a yi, ko wata lamba kawai take jefowa?

Mai dubawa ɗaya yakan ga kusan kashi ɗaya bisa uku na matsalolin, shi ya sa ake son uku zuwa biyar, kowa ya duba shi kaɗai kafin a haɗu. Rauninta shi ne masanin bai san aikin ba. Ba zai san cewa a wannan ofis ana karɓar kuɗi kafin a buɗe fayil ba, alhali manhajar ta ɗauka akasin haka.

Shugabanmu ya ce matsalar rashin horo ce. Ba gaskiya ba ne?

Wani lokaci gaskiya ne. Ga yadda ake rarrabewa: idan sababbi ne kaɗai ke tuntuɓe a wuri, horo zai taimaka. Idan ƙwararru ma a nan suke faɗuwa, wurin ne ke da rami.

A watan Agustan 2020, bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan masu bin kamfanin Revlon bashi kuɗin ruwa na kusan dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin. Sai bisa kuskure ya haɗa da uwar kuɗin bashin, ya aika musu kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. A manhajar da ake aikin da ita, Flexcube, in ana son uwar kuɗin ta tsaya a wani asusun cikin gida, sai an cike gurabe uku. Ma'aikacin ya cike guda ɗaya, wanda ke ɗauke da sunan uwar kuɗi, abin da duk mai hankali zai zata ya isa. Mutum uku ne suka duba kafin a aika, dukansu suka fahimci allon a haka. Gargaɗin da ya fito ya ce kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba. Wasu suka mayar, wasu suka riƙe kusan dala miliyan 500, kotu ta ba su gaskiya a 2021, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Umarnin yana rubuce a littafin koyarwa. Da gargaɗin ya nuna adadin da zai fita, da wuya mutum uku su wuce shi.

A gida ma akwai misalin gyara tsari maimakon ɗora wa mutum laifi. Bayan JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta, ganin cewa ɗalibai da yawa ba su saba da linzami ba, ta tsara yadda za a iya amsa tambayoyi da madannai takwas kawai.

Akwai abin da ya kamata mu ƙara dubawa a irin yanayinmu?

Akwai, kuma manhajar da aka rubuta a wata nahiya ba ta san da su ba. A tsakiyar gwaji a zare wayar intanet, ko a kashe wuta kamar yadda ake ɗauke ta ba sallama, a ga abin da zai faru da fom ɗin da aka kusa gamawa. In ya ɓace, a rubuta shi cikin manyan matsaloli. A gwada a kan tsohuwar kwamfutar da ke teburin akawu, ba sabuwar ta ofishin darakta ba.

A shigar da sunaye irin Mu'azu, Sa'adatu da Rabi'u, domin wasu manhajoji suna ƙin alamar da ke tsakiyarsu, wasu ma rikicewa suke yi. A gwada ƙ, ɗ da ɓ, sannan a nemi sunan a ga ko zai fito. A duba yadda take yi da Muhammad da Mohammed da Muhammadu in mutum ɗaya ne. Lambar NIN da ta BVN duk lambobi 11 ne, lambar waya ma haka, ta asusun banki kuma 10, don haka gurbin da bai bambance su ba yana gayyatar kuskure. A duba kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar Amurka 4 ga Maris.

Ma'aikatar da ke aiki a tsallaken iyaka tana da ƙarin aiki. Jerin haruffan allon rubutu na Faransanci da ake amfani da shi a Nijar ya saɓa da na Ingilishi, A da Q ma sun yi musayar wuri. Kuma 1,500 a Katsina dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a Maraɗi ɗaya da rabi.

Za mu iya naɗar bidiyon ma'aikata yayin gwaji?

Da izininsu, kuma a gaya musu wanda zai kalla da ranar da za a goge. Allo da murya sun isa, ba sai an ɗauki fuska ba. Kada a yi gwaji da bayanan marasa lafiya ko na albashin mutane na gaske in za a naɗa, a shirya na bogi masu kama da su. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ta shafi bayanan ma'aikata. Abu ɗaya ne ba a yafewa: sakamakon gwaji ya shiga fayil ɗin wani a matsayin shaidar gazawarsa. In aka yi haka sau ɗaya, babu wanda zai sake faɗin gaskiya a wannan ma'aikata.

An gama gwaji, mun tara matsaloli 40. Wanne za a fara gyarawa?

A auna kowace da tambaya uku: mutum nawa take samu, me take jawowa in ta faru, kuma ana wuce ta da an gane ko kullum sai ta dawo. Kuskuren da zai sa a ba da maganin da ba shi ba yana gaba, ko da mutum ɗaya ya yi shi. Launin da bai yi kyau ba yana baya, ko da kowa ya ambata. Rahoton kada ya wuce shafi biyu ko uku, da hoton allo da kibiya. Guntun bidiyo na minti biyu da ke nuna ƙwararriyar ma'aikaciya tana neman madanni ya fi shafi 50 motsa kwamiti.

In ba a riga an saya ba, a sa ma'aunin cikin kwangila: kaza daga cikin ma'aikatanmu za su kammala aiki kaza cikin minti kaza ba tare da taimako ba, kafin a biya kason ƙarshe.

Manhajar daga hedikwata aka aiko mana, ba mu da ikon sauya ko harafi. Aunawar tana da amfani?

Tana da shi. Abubuwa da yawa da ake zaton a kafe suke, saiti ne kawai da mai kula da manhajar zai iya juyawa: tsawon lokacin da take jira kafin ta fitar da mutum, guraben da aka wajabta, jerin zaɓin da ke fitowa farko. Abin da ba ya juyuwa, a rage masa kaifi da takarda guda mai hoto a manne a gefen allo, a kuma mayar da horo kan wurare uku ko huɗun da aka ga ana faɗuwa, maimakon kwana biyu ana bin kowane shafi.

Sauran a aika sama a rubuce. Takardar da ta ce “ma'aikata na kokawa” a aljihun tebur take kwana. A rubuta cewa mutum shida cikin takwas sun kasa sauya lambar asusu, an haɗa hoton shafin, ga kuma gyaran da ake nema, a tura kwafi ga sauran rassan da ke aiki da manhajar su ma su gwada aikin nan guda su aiko da nasu adadin.